Gida a ƙauyukan Abuja: abin da ke kora mutane can da abin da suke tararwa

Da ƙarfe shida na safe gangaren Kugbo ya riga ya cushe da motocin da suka taso daga Nyanya da Mararaba da Masaka. Haka hanyar Kubwa take da mutanen Dutse Alhaji da Bwari da Zuba da Suleja, haka hanyar filin jirgi take da na Lugbe da Kuje da Gwagwalada. Waɗannan su ne ke buɗe ofisoshi da bankuna da asibitocin babban birnin tarayya, amma kaɗan ne daga cikinsu ke kwana a cikinsa. Da yawa ma sun wuce waɗannan garuruwa, sun shiga ƙauyukan da ke bayansu, irin su Pegi da Orozo da Karshi da Ushafa, sun sayi fili sun kafa gida a inda jiya gonar doya ce.

Tushen lamarin yana cikin yadda aka tsara birnin. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da sabon mazaunin gwamnati, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 8,000. Taswirar da aka kammala a 1979 ta ce a gina birnin mataki-mataki, kowace unguwa a kai mata titi da ruwa da wuta kafin a zauna. An yi haka a Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Amma bayan da gwamnatin Babangida ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991, sai kwararar jama'a ta tsere wa aikin injiniyoyi. Ƙidayar 2006 ta sami mutum miliyan 1.4 a yankin, daga baya kuma rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga suka turo iyalai masu yawa daga Borno da Yobe da Zamfara da Katsina. Unguwannin da aka kammala ba su ƙaru daidai da haka ba, don haka kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo.

Mai neman haya a cikin gari ana cewa ya biya shekara guda, wani lokaci biyu, a dunƙule, ga kuɗin ejan, ga na lauya. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Gidajen gwamnati da ma'aikata ke fakewa a ciki an sayar da su zamanin Obasanjo, wanda aka ɗauka aiki bayan nan bai tarar da komai ba. Akwai asusun gidaje na ƙasa tun 1992, ana cire wa ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, amma bankin lamunin gidaje ba ya ba da rance sai a kan fili mai cikakkiyar takarda, kuma irin wannan fili ne ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai ya yi lissafi ya ga kuɗin hayar 'yan shekaru zai saya masa fuloti a bayan Kuje har ya ɗora ciki da falo. Ba na ganin laifin wanda ya yi wannan lissafi.

A Ingila ma mutane na barin birni su koma ƙauye, amma can mai hali ne ke yin haka. Tun dokar tsara birane ta 1947 ba a gini a karkara sai da izini, gidajen ƙauye ba su da yawa, ga titi da ruwa da wuta. Masu kuɗin Landan kan saye su a yankuna irin su Cotswolds, har 'ya'yan ƙauyen su kasa mallakar gida a mahaifarsu. A Abuja tsada ce ke tura mutum ƙauye, kuma yakan riga gwamnati isa wurin. Abin da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai shi ne ɗan asalin ƙauye ne ke fara jin jiki.

Cinikin kansa yana da sauƙi, sauƙin ne ma ke ruɗar mutane. Dillali zai ɗauki mai saye a kan acaba ya kai shi bakin wata gona, a auna ƙafa 50 da 100 da igiya, a kafa turaku huɗu. Idan mai saye ya nuna shakka, sai ya ce masa, "Haba Alhaji, dubi gidajen da ke kewaye, wa aka taɓa?" Daga nan a wuce wurin dagaci ko mai unguwa, a ba da kuɗin goro, a rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, a buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa. Cikin mako guda tifa ta sauke yashi, an fara buga bulo, domin kowa ya san filin da aka bari babu gini ana iya sayar da shi ga mutum na biyu da na uku.

Wannan takarda ba ta da daraja a idon doka. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 da sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 sun damƙa dukkan ƙasar yankin a hannun gwamnatin tarayya, kuma ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon raba ta. A Kano ko Katsina ƙaramar hukuma na iya ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, a Abuja babu wannan. Hatta filayen da ƙananan hukumomin yankin shida suka taɓa rabawa, tun 2006 aka ce a kawo takardunsu a tantance, kuma kaɗan ne ƙwarai suka sami amincewa. Filin da dagaci ya sayar yana iya kasancewa hanya ce a taswira, ko makaranta, ko kuma an riga an ba wani kamfani shi. Mutanen Chika da Karmo sun ga abin da hakan ke haifarwa lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake minista tsakanin 2003 da 2007: a shafa jan fenti a bango, buldoza ta biyo baya, baƙon da ya saya daga hannun sarki ba a ba shi ko kwabo. A 2012 ma an sa Mpape cikin jerin ƙauyukan da za a rushe, sai da mazauna suka garzaya kotu.

To me ya sa 'yan asalin yankin, wato Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, ke sayar da gonakin da suka gada? Amsar tana da ɗaci. Tun farko an yi niyyar kwashe su duka zuwa wajen yankin, aka kai wasu Sabon Wuse da Sabon Karu, sannan aka fasa saboda kuɗin ya yi yawa. Waɗanda suka rage suna zaune ne da sanin cewa kowace rana za a iya karɓe gonar, a biya su kuɗin amfanin gona da itatuwa kawai. Manomin da ke cikin wannan hali gara masa ya sayar yau ya riƙe wani abu a hannu. Kuɗin yakan ƙare a ɗan lokaci, gonar kuma ba ta dawowa, sai ka ga ɗan manomin doya ya koma acaba ko leburanci a kan ƙasar kakansa. Wannan ita ce asarar da ba a cika lissafawa ba idan ana maganar bunƙasar Abuja.

Shi ma mai gidan, arahar da ya samu wajen saye yana biyan ta a kullum. Ruwa sai na 'yan garuwa ko ya haƙa burtsatse, har a ƙauyukan da ke kusa da madatsar Usuma wadda ke shayar da birni. Taransifoma da turakun wuta da kwalbati duk karo-karo ne na maƙwabta. Da damina hanya takan yanke, kuma inda aka yi gini a kan magudanar ruwa ambaliya ba ta yafewa, kamar yadda aka gani a Lokogoma da kuma Lugbe a Yunin 2023. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda za ta rage cunkoson Nyanya, an ba da kwangilarta a 2011, ta haura shekara goma ba a gama ba. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye kaso mai tsoka na albashi, har wasu magidanta suka koma kwana a ofis ko masallaci sai ƙarshen mako su ga iyali. Ga kuma tsaro. An fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, a farkon 2024 kuma masu garkuwa da mutane suka riƙa bin gidaje a yankin Bwari, abin da ya sa wasu suka rufe gidajen da suka gina da guminsu suka koma haya.

Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, kuma suna da hujja. Wanda ya rabu da sallamar mai gidan haya ya san darajar barci. Yara na samun tsakar gida, uwargida na kiwon kaji da awaki, abinci ya fi araha a kasuwannin Kuje da Bwari da Gwagwalada. Ƙauyukan ma sun sami makarantu da shagunan magani da sana'o'in da da babu. Kubwa da aka fara a matsayin matsugunin waɗanda aka tasa, yau gari ne babba.

A ganina babban laifin na hukuma ne, domin ita ta riƙe ƙasa duka a hannunta, sannan ta kasa fitar da filaye masu araha da sauri daidai da buƙata. Rusau bai taɓa hana cinikin ba, yana dai matsar da shi zuwa ƙauye na gaba. Abin da ya kamata shi ne ma'aikatar Abuja ta riga jama'a isa waɗannan ƙauyuka ta yanka tituna da magudanai, ta ware wa 'yan asali gonaki da takardu na dindindin, ta kuma halatta gidajen da ba su tare hanya ko ruwa ba a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Kafin a kai ga haka, mai shirin saye ya ɗauki lambar fili da taswirarsa ya je ofishin AGIS mai kula da bayanan filayen Abuja a bincika masa tun bai miƙa ko naira ɗaya ba, ya kuma je ya ga wurin da idonsa a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ruwa ke nuna hanyarsa.