Bayan Tenere: Kwanakin Farko na Saukar Ayari

Duk makiyayin da ke Adar da Gobir Tudu ya san kantu. Gishiri ne mai launin ƙasa, dogo kamar turmin da aka kife, nauyinsa kan kai kilo 20 ko ya ɗara, ana farfasa shi a ba shanu da raƙuma da tumaki su lasa. A kasuwannin Madawa da Tunfafi da Buza da Tamaske za ka tarar da shi a jere, masu saye na ƙwanƙwasa shi da yatsa suna taya kuɗi. Ba kowa ke tuna nisan da ya yi ba. Daga Bilma da Fashi yake zuwa, can cikin hamadar Tenere, kuma daga Agadas kaɗai zuwa Bilma kimanin kilomita 600 ne. Kaso mai yawa motoci ke ɗauko shi yanzu. Sai dai da sauran wanda ke zuwa bisa doron raƙumi, kuma sawunsa na bi har wani ƙauyen Abzinawan Kel Geres a cikin gundumar Madawa.

Kel Geres ba baƙi ba ne a nan. Tun ƙarni na 18 suka gangaro daga duwatsun Azbin suka zauna tsakanin Adar da Gobir, kuma har yau sarautunsu na nan a Azarori da Galma. Sun koyi noman hatsi, sun iya Hausa kamar kowa, amma ba su saki akala ba. Su ne suka daɗe suna haɗa gishirin arewa da kasuwannin Sakkwato. Fatauci ne mai dogon tarihi: Bajamushen nan Heinrich Barth ayarin gishiri ya bi daga Azbin a ƙarshen 1850 kafin ya shiga Kano a farkon 1851, kuma a farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ƙidaya ayari guda mai raƙuma har dubu 20. Wanda na tarar ya sauka a wannan ƙauye bai kai a kira shi ƙanen wancan ba. 'Yan gidaje ne suka haɗa raƙumansu suka tafi bayan girbi, suka dawo cikin tsakiyar hunturu.

An ba ni ruwa, an shimfiɗa tabarma, an ɗora shayi.

Raƙuman na fara zuwa gani, a wata gona da aka girbe a bayan gari. Tozonsu ya zube, haƙarƙari a waje, wasu da miki a gadon baya inda laftu ya riƙa goga. Wani yaro na bin su ɗaya bayan ɗaya yana wanke mikin yana shafa magani, wani kuma na kakkaɓo musu 'ya'yan gawo da doguwar sanda. Mai gonar Bahaushe ne, shi da kansa ya nemi a kwana masa a fili saboda taki, har yana aiko da hatsi. An tara gishirin gefe guda, naɗe cikin tabarmin kaba, an ware wanda ya tsage a hanya domin shi ne za a fara sayarwa da araha.

A gefen tarin ne na ga shimfiɗar wani matashi, bargo da matashin kai da buta. Na ɗauka gadi yake yi. Ashe ɗakinsa na nan cikin gida, matarsa ta share ta yi turare, amma barci ya ƙi ɗaukarsa a ƙarƙashin rufi. Ya ce mini idan ya kwanta sai ya ji iska ba ta ishe shi ba, kuma da tsakar dare yakan zabura ya fara laluben akala, don jikinsa na gaya masa lokacin ɗaura kaya ya yi. Ƙafafunsa ma sun ƙi yarda an iso. Da hantsi yakan tsinci kansa yana zagaya gari ba da wata buƙata ba.

Masu ƙetare tekun Atlantika a ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska sun san wannan hali. Daga tsibiran Kanari zuwa Karebiyan sukan yi kusan mako uku ba su ga tudu ba, suna barci kaɗan-kaɗan bisa juyi, suna auna ruwan sha. Idan suka ɗaure jirgi a tasha, ƙasa kan yi ta lilo a ƙarƙashin ƙafarsu na ɗan lokaci, kuma kafin a huta sai an bi jirgin kaf an gyara abin da tafiya ta cinye. Mutanen wannan ƙauye ba su taɓa ganin teku ba, amma da za a zaunar da su tabarma ɗaya da waɗancan, ba za su buƙaci dogon bayani ba.

Mahaifin matashin tsohon madugu ne. Idonsa ya yi rauni, ya bar tafiya, sai dai babu kayan da aka sauke bai shafa da hannunsa ba. Na tambaye shi, «Baba, me ke cikin tafiyar nan da ba ya barin mutum ya kwanta?»

Ya gyara rawani ya ce, «Ɗana, a Tenere ba a tsayawa. In anka ɗaure kaya da safe, sai dare ya raba. Hura bisa tahiya ake shan ta, shayi bisa tahiya ake dafa shi. Lokacin salla kowa shi ratse shi yi, shi ruga shi cimma ayari. Raƙumi ba ya jiran kowa, don ruwan da ke cikin salka ƙidayayye ne.»

Ya bayyana mini yadda ake shirin shiga. A gefen Azbin ake yankan ciyawa a ɗaure ta dami-dami, domin daga can har Fashi babu abin da dabba za ta ci. Ana sa wa raƙuma takunkumi don kada na baya ya cinye damin da ke kan na gaba. Wasu damman a hanya ake ajiye su cikin rairayi, sai a dawowa a ɗauka, kuma ba mai taɓa na wani. Hatsin Adar da suka ɗauko shi ne kuɗinsu: da shi ake musayar gishiri a Kalala, kusa da Bilma, da shi ake karɓar dabino. Da rana madugu na duban inuwa da yadda tuddan yashi suka miƙe, da dare kuma taurari. Ya ce yana yaro ya sha inuwar itacen ƙayar nan guda ɗaya tilo da ke tsakiyar Tenere, kusa da wata rijiya mai zurfin fiye da mita 30, kafin wata mota ta kaɓe shi a 1973. Busasshen itacen yana gidan tarihi na Yamai yanzu, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Da ya zo nan a labarin sai ya yi shiru, ya miƙa mini kofin shayi na biyu.

Ni gishiri ya kawo ni, amma zancen da ya fi zauna mini daga bakin matar tsohon ya fito. Tana zaune nesa kaɗan tana saƙar tabarma, irin wadda Madawa ta yi suna da ita. Ta ji muna ta maganar hanya, sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, «Ku maza kullum zancen tahiya. Ba mai tambayar wanda anka bari.»

Na matsa na ce, «Inna, to ni na tambaya.»

Ta ce wata uku, wani lokaci fiye, gida na hannun mace. Ita ke kula da awaki da jakuna, ita ke zuwa rijiya, ita ke auna hatsin rumbu tiya-tiya don ya kai, tunda mafi kyawunsa an ɗora wa raƙuma. In ciwo ya shigo, ita ce mai yanke shawarar a sayar da akuya ko a jira. A zamanin da take amarya babu wata hanyar jin labari. Sai dai in wani ayari ya riga sauka, mata su aika yara su tambayo ko an ga nasu a rijiya kaza.

Sannan ta ba ni labarin wata shekara, kaɗan bayan farin 1974. Maigida ya tafi ya bar ta da yaro ɗan shekara biyu wanda ya fara kiran sunan raƙuma. Baƙon dauro ya shigo gari cikin sanyi, ya ɗauki yara da dama, har da nata. An binne shi, an yi kwana uku, an yi bakwai, an yi arba'in, uban na can bai sani ba. Ranar da aka hango ƙurar ayari, dattawan gari suka taru suka ce kada kowa ya faɗa masa sai ya sauke kaya, ya sha ruwa, ya ci abinci. Haka al'ada take, ba a tarar matafiyi da mugun labari.

«Ni na kai mashi ruwan,» in ji ta. «Da hannuna. Shina sha, shina duban bayana, shina jiran yaro shi fito. Ya buɗe jaka ya hiddo dabino, ya ce wannan na wane ne, ya zaɓo mashi masu taushi tun Bilma. Na amsa. Na ce Allah shi yi albarka. Na shiga ɗaki na aje.»

Hannunta bai daina saƙa ba. Ta ce abin da ya fi mata nauyi a duk shekarun nan shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin ruwan nan da sallar magariba, lokacin da ita ta sani shi bai sani ba.

Tsohon na jin mu. Ya ce, a hankali, «Na sani tun daga bakin gari.» Ya ce madugu ba rairayi kaɗai yake karantawa ba. In ayari ya doso gida, yara ne ke fara rugowa. Ranar nan yara sun fito, amma na gidansa ba su zo wurinsa ba, sai ƙanen matarsa ne ya karɓi akala yana kallon ƙasa. Ya gane an yi rashi, bai dai san ko wane ne ba, kuma bai tambaya ba don kada ya tilasta wa wani ya faɗa kafin lokaci. Dabinon ma, in ji shi, ya fito da shi ne don ya ji. Da ta karɓa ba ta kira yaron ba, ya samu amsa.

Na dubi tsofaffin nan biyu, kowanne ya ɗauki nauyi don ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa, kuma ban ga wanda nasa ya fi sauƙi ba. Idan ana yabon juriyar mutanen ayari, hamada ake ambata, ƙishirwa da sanyin dare da tafiyar da ba hutu. A ganina rabin juriyar a gida ake yin ta, kuma ba a cika ƙidaya ta cikin kuɗin kantu ba.

Yau akwai wayar salula. Da ayari ya fito daga Tenere ya kusanci Agadas, kira ke fara shigowa. Na ɗauka kowa zai ce an samu sauƙi, kuma matan da na tambaya haka suka ce: ko ba komai ka ji murya, ka san mutum na raye. Matashin nan mai kwana a waje bai musa ba, sai dai ya ƙara wani abu. A wannan tafiyar, wani abokin tafiyarsu ya samu labarin rasuwar mahaifiyarsa alhali saura tafiyar makonni a gabansu. Ba zai iya barin raƙumansa ya hau mota ba, domin jere guda ne, kowa da igiyar da yake ja. Haka ya taka da labarin har gida. «Baba ya ɗauki nashi daga bakin gari zuwa magariba,» in ji shi. «Wannan ya ɗauko nashi tun daga Agadas.»

Kuma sauka a gida ba ita ce ƙarshen aiki ba, domin gishiri bai zama kuɗi ba tukuna. Akwai bashin hatsin da aka ɗauka kafin tafiya, akwai wanda ya ba da aron raƙumi yana jiran rabonsa. A da, bayan dabbobi sun ɗan murmure, sai a sake ɗaura kaya a nufi kudu, a bi kasuwannin ƙasar Sakkwato ana sayarwa kaɗan-kaɗan, raƙuma na cin karan gonaki suna mayar da tozo, a dawo da hatsi da tufafi kafin damina. Yanzu wannan hanya ta yi wuya. Ɓarayin daji sun addabi bakin iyaka, kuma mai jan raƙuma ba ya ɓuya. Naira ta faɗi, abin da aka sayar a can ba ya auki idan an canza shi zuwa sefa. Gishirin mota kuma ya riga su isa kowace kasuwa. Garken ma bai taɓa komawa yadda yake ba tun bayan farin 1974 da na 1984, waɗanda suka kashe raƙuma masu yawa suka tura samari ci-rani Abijan da Legas da Libiya.

Saboda haka zancen da ake yi a gidan da yamma na lissafi ne. Matashin na son a sayar da gishirin a nan kusa, Madawa da Buza da Keita, ko da ribar ta ragu, sannan a sayar da raƙuma biyu a kama haya a fadamar Tarka a gwada albasa kamar maƙwabta. Tsohon bai hana ba. Ya dai ce a bar amalen da ke jan gaban ayari, don shi ya san hanya, kuma ba a samun irinsa a kasuwa. Uwar ta ce ita albasa ta fi mata, tunda mai albasa a gida yake kwana. Ba su yanke ba. Abin da aka tsayar kawai shi ne kantun da suka tsage za a kai kasuwar Tunfafi mai zuwa, a biya mai hatsi, sauran kuma a jira mikin raƙuma ya warke.