Ɗaukar Hoto Ba Ta Maza Kaɗai Ba Ce

Duk wadda ta bi ta Ƙofar Doka a Zariya ranar Juma'a ko Asabar, za ta ga motocin 'yan biki suna shiga birni. To, idan matan nan sun taru a tsakar gida wajen kamu ko suna, wa ke ɗaukarsu hoto? Gidaje da yawa a birni ba a shiga. Mai hoto namiji iyakarsa zaure. Ga ciniki nan a zube, mace ce kaɗai za ta iya kaiwa gare shi.

Wata za ta ce, "Ni da na shekara goma sha biyar ina koyarwa ko ɗinki, yanzu zan soma koyon wata sana'a?" Haba 'yar'uwa, ai gemu ba ya hana ilmi. Dubi Fati Abubakar ta Maiduguri. Aikin jinya ta karanta, har ta je Landan ta ƙaro ilmi kan lafiyar jama'a. A 2015 ta rungumi kyamara, tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, a lokacin da duniya ba ta jin labarin Borno sai na tashin hankali. Hotunanta sun fito a manyan jaridun duniya. A Ingila kuma, Julia Margaret Cameron tana da shekara 48 'yarta ta ba ta kyamara a 1863. Har yau hotunanta na nan a gidajen tarihi.

Amma fa kada ki saki reshe ki kama ganye. Mai zaman kanta ba ta da albashi, wani watan a samu, wani watan a rasa. Riƙe aikinki tukuna, ki riƙa fita bukukuwa ran Asabar da Lahadi. Ki shawarci maigida ki nemi yardarsa. Kuɗin kyamara kuwa, ki shiga adashi, ya fi cin bashi. Kada ki ce kowa na da waya a hannu. Sanin inda haske yake, da iya tsara mutane, da fitar da hoto mai kyau a kan lokaci, shi ake biya.

Babban jarinki shi ne amana. Matan aure za su saki jiki a gabanki ba mayafi. Hoto ɗaya ya fita waje ba da izini ba, yana iya kashe aure, ke kuma an rufe miki ƙofar kowane gida a unguwa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku gama karatunku tukuna, don lissafin ciniki da rubuta rasit sai da ilmi. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, amin.