Baƙin da suka riƙa zuwa ƙirga tsuntsaye, da abin da ya shafi mutanen Gaya da Ajingi

Tun daga ƙarshen shekarun 1980, masana da 'yan sa-kai daga Turai suka riƙa sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano da sanyin hunturu. Sukan kwana a birni, su yi sayayyar guzuri, su nemi mota da ɗan jagora, sannan su nufi gabas. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ke kai mutum Haɗeja ta Wudil da Gaya da Jahun take bi. Ba fatauci ne ya kawo su ba. Tsuntsaye suka zo ƙirgawa a dausayin Haɗeja da Nguru, wasunsu ma ba don a biya su ko sisi ba.

Dalili shi ne, tsuntsayen nasu ne kamar yadda suke namu. Idan ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Rasha, agwagin ruwa da wasu tsuntsayen bakin gulbi sukan ƙetare Sahara su yi watanni a wannan dausayi, inda suke tarar da kirinjijiya da ɗinya, 'yan gida. An tabbatar da nau'in tsuntsaye sama da 300 a yankin. Saboda haka ne aka kafa shirin kare dausayin a 1987, da hannun ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci Dagona da ke cikin dausayin. A shekarar 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Ƙidayar tana da ƙa'ida. A watan Janairu ake yin ta a ƙasashe da dama a lokaci guda, tun 1967, domin a lokacin tsuntsayen sun zauna wuri ɗaya, ba za a ƙirga garke guda sau biyu ba. Mai ƙidaya yakan fita da sassafe da madubin hangen nesa, ya ƙirga goma ko ɗari a gefen garke, ya auna sauran da wannan. Alƙaluman shekara da shekaru su ke nuna ko wuri na raye ko yana mutuwa.

A nan ne maganar ta shafi manomin Gaya da na Ajingi. Babban kaso na ruwan da ke ciyar da dausayin daga kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja yake zuwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke cika fadamu ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani. Wannan ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta da manoman shinkafa sakat, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da dawa. Idan agwagi suka ragu a inda suka saba sauka, alama ce ruwan ya canza hali, kuma mai fadama ne zai fara ji a jikinsa.

Matsalar tsaro ta sa baƙin sun ja baya, amma aikin bai tsaya ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda ɗan sa-kai ke rubuta duk tsuntsun da ya gani a yankinsa ta manhajar waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: yaron da ya tashi yana kiwo ya san lokacin zuwan shamuwa da inda gauraka take a da, fiye da baƙon mako biyu.

Kira gare ku matasan Gaya da Ajingi, da malaman makarantu, da masu unguwanni: ku shiga wannan ƙidaya, ku ja kunnen masu zuba guba a ruwa don kama tsuntsu ko kifi. Lafiyar kogin nan ita ce lafiyar gonakinku.