Daga Unguwar Lalle Zuwa Madina: Abin Da Maniyyaciya Za Ta Tarar A Cikin Jirgi



Duk shekara idan lokacin bitar alhazai ya zo, akan koya wa maniyyata ɗawafi da sa'ayi da jifa har su haddace. Amma awa biyar ɗin nan, ko kusa da haka, da za su yi a sama tsakanin Sakkwato da Madina, da wuya ki ji an ware musu ko da rabin sa'a. Alhali kuwa yawancin iyayenmu mata na Unguwar Lalle da Sabon Birni da Isa, ranar ce ta farko da za su taka matakalar jirgi. Kuma tafiyar ba daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku take somawa ba. Tun daga gida aka yi sammako, aka bi hanyar Goronyo da rana tsaka zuciya na ɗar-ɗar saboda halin da yankinmu yake ciki, aka kwana ɗaya ko biyu a sansanin alhazai ana jiran kira. Kafin tsohuwa ta zauna a kujerarta, jikinta ya riga ya yi laushi.

A ajinmu na matan aure, tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Malama, wane irin jirgi ne zai ɗauke mu?" Na san inda tambayar ta samo asali. Mutanen ƙasar Sakkwato ba su manta da ranar 11 ga Yulin 1991 ba, ranar da jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kawo su Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashinsa, mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bincike ya nuna tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne suka fashe, wutar ta tashi daga nan. Jirgin ƙirar DC-8 ne, samfurin da aka daɗe da daina jigilar alhazai da shi.

A aikin Hajjin 2025 kamfanoni huɗu Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ta ba jigilar: Max Air da Air Peace da UMZA da kuma Flynas na Saudiyya. Hukuma ce take raba wa jihohi kamfanoni, maniyyaciya ba ta da zaɓi. Jiragen da aka saba gani manya ne masu hanyar wucewa biyu a ciki. Akwai Boeing 747, mai injin huɗu da ƙusumbi a gaba, wanda mutanenmu suke ce wa mai bene. Idan aka shirya shi domin alhazai yakan ɗauki mutum sama da 500, kujeru goma a jere: uku, huɗu, uku. A farkon 2023 kamfanin Boeing ya miƙa na ƙarshe da ya ƙera, saboda haka yana ta raguwa a duniya. Akwai kuma Airbus A330 da Boeing 777 masu injin bibbiyu. Kada ƙarancin injin ya dame ki, an ƙera su ne yadda ko ɗaya ya tsaya ɗayan zai kai su inda za su sauka.

Ni a ganina, sunan jirgin bai kai kujerar da aka ba ki muhimmanci ba. Kowa yana son bakin taga don ya ga gajimare. To, mai yawan fitsari, da mai ciwon gwiwa, da mai ciwon suga, ta roƙi a musanya mata da kujerar bakin hanya. Wadda aka saka a tsakiyar mutum huɗu, kunya kaɗai za ta hana ta tashi, musamman idan namiji ne a gefenta.

Nan ne kuwa matsalar take. Da yawa daga cikin iyayenmu tun daga sansani suke ɗaure baki, ba ci ba sha, don kada bayan gida ya kama su a sama. Wata ɗalibata mai kimanin shekara sittin ta ba mu labari da bakinta bayan ta dawo. Ta ce, "Ɗiyata, ni da na ji ƙarar abin nan kamar zai zuƙe mutum, sai na ce na yafe." Ba ta sa komai a bakinta ba har aka sauka. A layin duba fasfo jiri ya kwashe ta, kwana biyunta na farko a Madina a kwance ta yi su, 'yan ɗakinsu suna zuwa Masallacin Annabi suna dawowa suna tarar da ita. Kuɗin da aka tara shekara da shekaru, wani har da sayar da gona da bisashe, ga shi an fara cin kwanakinsa a kan katifa.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kamar ta tsakiyar hunturu. Laimarta ba ta cika kai kashi 20 cikin ɗari ba. Leɓe zai bushe, maƙogwaro ya bushe, alhali mutum bai yi gumi ba balle ya lura. Sannan zaman wuri ɗaya yana sa jini ya yi nauyi a ƙafa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Maganin ba wuya: duk ruwan da aka miƙo ki karɓa ki sha, ki nemi ƙari, ki riƙa juya tafin ƙafa kina zaune, ki tashi ki taka idan an kashe alamar ɗaura bel.

Shi kuma bayan gidan, ƙarar ce kawai. Iska ce take zuƙe ƙazantar idan an danna maɓalli, ba ta jan mutum. Ki shiga, ki ja sakatar har fitila ta ƙara haske, shi ne alamar ƙofa ta kullu. Ba buta a ciki, amma akwai famfo da takarda, kuma robar ruwan da kika shanye za ta yi miki aikin buta. Abin da ba a so shi ne malala ruwa a ƙasa. Saboda haka ki yi alwalarki tun kafin a hau. A tambayi malaman bita hukuncin haɗa salloli da na taimama tun ana ƙasa, kuma a tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu.

Sai abinci. Bayan jirgi ya daidaita a sama, ma'aikata za su turo keke su ajiye wa kowa ɗan faranti: galibi shinkafa da kaza ko nama ko kifi a rufe da takardar gwangwani mai zafi, da burodi, da ɗan kek ko 'ya'yan itace, da ruwa ko lemo, daga baya shayi. A buɗe a hankali, tururin yana ƙuna. Kuɗinsa yana cikin kuɗin kujera, ba wanda zai ce ki biya. Na ji waɗanda suka mayar da nasu don tsoron a caje su. Kuma abincin jirgin alhazai halal ne, ki yi bisimilla ki ci.

Za ki ji shi lami, wannan kam gaskiya ne. Ba lallai laifin mai girki ba ne. An dafa shi a ƙasa, aka sanyaya, aka ɗumama a sama. Ƙari a kan haka, wani bincike da aka yi a Jamus a 2010 domin kamfanin Lufthansa ya gano cewa a yanayin cikin jirgi harshe yana rage jin gishiri da zaƙi, na gishiri har da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mai hawan jini ta kiyaye, kada ta juye ƙullin gishirin nan duka don ta ji abinci ba ɗanɗano.

Na san Bagobira da fura sai Allah. Amma ranar tafiya a yi haƙuri da ita, haka wake da lemo mai gas, domin iskar cikin ciki tana kumbura idan jirgi ya yi sama. Ko ma ba haka ba, masu bincike ba sa barin abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Dabino da biskit da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri, musamman ga mai suga, tunda jirgi yana iya jinkiri kuma ba a san sa'ar da za a raba abinci ba. Magungunanki su kasance a jakar hannu cikin kwalinsu, tare da takardar likita. Goro kuwa a bar shi gida, hukumar alhazai ta sha yin gargaɗi a kansa. Kada kuma ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ƙullin yaji aka ce miki.

Wadda za ta Umara ko ziyarar 'ya'ya a Ingila ko Amurka da jirgin kasuwa, nata ya ɗan bambanta. Kamfanoni irin su Saudia da Emirates da Qatar Airways da Turkish Airlines abincinsu halal ne, amma ban da Saudia sauran ukun suna raba giya, sai ki riƙa faɗin abin da kike so da bakinki: ruwa, shayi, lemo. A wasu kamfanonin kuwa sai an nemi abincin Musulmi tun wajen sayen tikiti, aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Alamarsa MOML, na masu suga DBML, na yara CHML. Maigida ko ɗan da ya sayi tikitin ya tabbatar an rubuta.

Idan jirgi ya fara sauka kunne zai toshe, wani har ya yi zafi. Ki haɗiyi yawu, ki yi hamma, ko ki tsotsi alewa. Mai goyo ta ba jariri nono. A 'yan shekarun nan mafi yawan maniyyatanmu Madina ake fara kai su, don haka sai a Zul-Hulaifa za su ɗauki harami ranar tafiya Makka. Amma idan aka ce jirginku Jidda zai sauka kuma Makka za a wuce kai tsaye, to a yi wanka a shirya tun daga sansani, a kasa kunne ga jagoran tawaga, domin a sama za a ƙetare miƙati.