Dusa Ba Ta Tsawaita Gashin Zomo

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a bakin masu kiwon zomo a Samaru da masu sayar da shi a kasuwar Sabon Gari ta Zariya: wai in ka wadata shi da harawa da dusa da ganyen dankali, gashinsa zai yi tsawo ya yi laushi. Ba da ka suke faɗa ba. Sun ga zomon da yunwa ko ƙazuwa ta zubar wa gashi, aka kula da shi ya murmure. Sai dai abincin ya mayar masa da abin da ya gada ne kawai, bai ƙara masa ko sili ɗaya ba.

Kowane silin gashi yana da lokacin tsiro, da na tsayawa, da na zuba. Wata ƙwayar gado mai suna FGF5 ce ke tsayar da tsiron. A zomon Angora wannan ƙwaya ta samu tangarɗa, shi ya sa gashinsa ke daɗewa yana tsiro. Kuma dogon gashin ba ya bayyana sai ɗa ya gaji tangarɗar daga uwa da uba duka. Nan ruɗanin yake. Mace da namiji masu gajeren gashi, kowanne na ɗauke da ita a ɓoye, za su iya haifar mai dogon gashi, wajen ɗaya cikin huɗu, sai mai keji ya hau yabon dusarsa.

Haka labarin zomon Rex mai gashi kamar karammiski, wanda ya ɓulla a Faransa a 1919. A 2011 masu bincike a can suka gano canji a ƙwayar LIPH ne silar wannan laushin.

Ko da dusar na iyawa, ban ga abin nema a ciki ba. Zomo ba ya yin gumi kamar mu, ta kunne yake rage zafin jiki, kuma bazarar Zariya tana hana shi cin abinci, ta rage wa namijin ƙarfin barbara. Ina amfanin ƙara masa bargo a watan Afrilu? Mai neman iri ya binciki iyayen zomon kafin ya yi ciniki, ko ya leƙa Shika, inda cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ke binciken kiwon zomo.