Ƙarfin Naushi Daga Ƙasa Yake Tasowa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano, ko na Dei-Dei a Abuja, ya san inda idon 'yan kallo yake. Kalangu na tashi, 'yan wasa biyu na zagaya juna, kowa ya miƙa hannu ɗaya gaba yana auna tazara, ɗaya hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare yana can baya a ɗane. Wannan naɗaɗɗen hannun jama'a suke bi da kallo, domin shi ne mashi, shi ke yin kisa. Amma tsohon ɗan damben da ya ajiye zare, in yana zaune a gefe, ƙafafu yake kallo. Yana duba yadda yaro ya dasa ƙafar baya, ko gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa ko ta sandare, kuma tun hannu bai tashi ba ya san ko dukan zai yi nauyi.

Abin da tsohon ke gani da ido, shi masana ilimin motsin jiki suka daɗe suna aunawa da na'urori. Aikinsu shi ne gano yadda ƙashi da tsoka da gaɓoɓi ke haɗuwa su samar da ƙarfi, da kuma inda ƙarfin ke zurarewa in an yi kuskure.

A 1985 aka buga wani nazari da Filimonov da abokan aikinsa suka yi kan 'yan damben zamani na Tarayyar Sobiyet. Sun rarrabe naushi kashi uku: tunkuɗar ƙasa da ƙafar baya, juyawar gangar jiki, da miƙewar hannu. A wajen ƙwararru, ƙafa ta ba da kusan kashi 38 cikin 100 na ƙarfin, gangar jiki kashi 37, hannu kuwa kashi 24 kacal. A wajen sababbin shiga lamarin ya juye: hannu na ɗauke da kusan kashi 38, ƙafa kuma ba ta kai kashi 17 ba. Ke nan abin da ya raba gwani da ɗan koyo ba kaurin damtse ba ne. Gwani ya koyi sa dukan jikinsa a bayan dunƙulensa.

Yadda abin ke tafiya kuwa, ƙafa ce ke fara danna ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da martani daidai gwargwadon dannawar, kamar yadda Isaac Newton ya bayyana tun 1687. Wannan ƙarfi ya hau ta idon sawu da gwiwa zuwa ƙugu. Ƙugu ya juya, ya ja ƙirji, ƙirji ya ja kafaɗa, kafaɗa ta wurga hannu. Manyan sassa masu nauyi su ke fara motsi, ƙanana masu sauƙi su karɓa daga baya, kowanne ya ƙara gudu a kan na baya da shi. Macen da ta iya daka ta san wannan ko ba a gaya mata ba: ba da hannu kaɗai take ɗaga taɓarya ba, gwiwa da ƙugu da baya duk suna cikin aikin, shi ya sa za ta daka gero mai yawa ba tare da kafaɗarta ta mutu ba, alhali ƙaton da bai saba ba ya yi ta huci bayan 'yan mintuna. In hannu ya riga ƙugu tashi, sarƙar motsin ta tsinke, sai dukan ya zo da ƙara amma babu nauyi.

Nauyin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. A 2005 masu bincike a Jami'ar Wayne State da ke Amurka suka sa 'yan damben Olamfik bakwai suka naushi fuskar wani mutum-mutumi mai na'urorin awo. Matsakaicin gudun hannun ya kai mita 9 a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙarfin dukan kuma ya kai kimanin na nauyin kilo 350 a ɗan ƙiftawar da ya sauka. Sun kuma lura cewa masu nauyin jiki sun fi duka da ƙarfi, musamman saboda sun fi zuba nauyin jikinsu a cikin naushin.

Akwai wani sirri kuma da ke ba masu koyo wahala, wato sakin jiki. Yaron da ya shiga fili da fushi, ya ɗaure kowace tsoka tun daga wuya har yatsu, shi ne mafi jinkirin hannu, domin tsokar da ke miƙa hannu da wadda ke naɗe shi suna jan juna a lokaci guda. Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya auna ƙwararrun 'yan faɗa a wani nazari da aka buga a 2010, ya ga tsokarsu na ɗaurewa sau biyu a duka ɗaya: a farkon motsi, sannan ta saki yayin da hannu ke tafiya, sai ta sake ɗaurewa daidai lokacin da dunƙule ya isa. Wannan ne ya sa Bruce Lee, a gasar karate ta Long Beach a 1964, ya iya tunkuɗe mutum da naushin da ya taso daga tazarar inci ɗaya. Hannun kusan bai yi tafiya ba, amma ƙafa da ƙugu da kafaɗa sun yi aikinsu a jere cikin gaggawa.

Dukan dambe na gargajiya yana da nasa lissafin. Hannun na tasowa daga nesa, ya yi baka mai faɗi kafin ya sauka, kuma tsawon wannan hanya na ba shi damar tara gudu sosai. Kuɗin da ake biya shi ne lokaci da daidaito. Abokin karawa na iya ganin dukan tun yana hanya, kuma in ya kauce, nauyin da aka zuba zai ja mai dukan gaba. A wasan da taɓa ƙasa da hannu ko gwiwa ake ƙirga shi kisa, ɗan dambe na iya kashe kansa da kansa. Shi ya sa waɗanda suka iya suke buɗe ƙafa, su rage tsawo, su bar ƙafar gaba ta zama birki.

A nan ne dambe ya haɗu da kokawa. Jikin mutum na da wata cibiya inda nauyinsa ya tattaru, a cikin ƙugu, ƙasa kaɗan da cibiyar ciki. Muddin wannan cibiya tana saman filin da ke tsakanin ƙafafunsa biyu, mutum na tsaye. Da zarar ta fita daga filin, ko ya yi taku ko ya faɗi. Duk dabarar kaye a nan take. Wanda ya kalli gasar Takobin Ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, zai ga 'yan kokawa sun duƙa, ƙugu a baya, ƙafa a buɗe, suna ta mari da kamun hannu na tsawon lokaci ba tare da wani ya kai hari ba. Mai gajen haƙuri zai ce ɓata lokaci ne. A gaskiya kowa na jiran ɗan lokacin da ɗayan zai ɗaga ƙafa ko ya ɗora nauyinsa duka a kan guda. Kadri Abdou na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobin sau da dama, kuma abin da ke jan ido a wasansa shi ne wuyar girgiza shi daga inda ya tsaya. Yashin filin ma yana da nasa tasiri, domin yana shanye wani ɓangare na tunkuɗar ƙafa. Wani bincike a Beljiyam a 1998 ya nuna gudu a kan yashi na cin ƙarfi kusan ninki 1.6 na gudu a kan ƙasa mai tauri.

Jigoro Kano, malamin makaranta ɗan Japan mai ƙaramin jiki da ya kafa judo a Tokyo a 1882, ya mayar da wannan fahimta darasi. Ya koyar da cewa kafin a kayar da mutum sai an fara gusar da shi daga daidaitonsa, ya kuma tsara fuskoki takwas da za a iya ja ko tura shi. In ya turo, a ja shi. In ya ja, a tura shi. Amma darasinsa da ya fi cancanta a ɗauka shi ne wanda ɗalibin judo ke farawa da shi: koyon faɗuwa. Ana koya masa ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ya zagaye bayansa, ya bugi tabarma da dukan tsawon hannu, don ƙarfin faɗuwar ya bazu maimakon ya taru a wuyan hannu ko ƙeya. Wanda ya kafa tafin hannu a miƙe don tare faɗuwa, shi ke komawa gida da karaya.

Gaɓoɓi ma kowace da iyakarta. Gwiwa an yi ta ne don naɗewa da miƙewa, ba ta son murɗa. Masu wasan taekwondo irin su Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Rio a 2016, suna juya ƙafar da suka tsaya a kai bisa gaban tafinta duk lokacin da za su kai shuri daga gefe. In ƙafar ta kafe a ƙasa ƙugu kuma ya juya, gwiwa ce ke ɗaukar murɗar, kuma jijiyarta in ta tsinke sai an yi watanni ana jinya. Haka hannu: ƙasusuwa 27 ne a cikinsa, kuma wanda ya fi karyewa wajen naushi shi ne na bayan ƙaramin yatsa, musamman in dukan ya sauka a karkace. Zare na taurara dunƙule, amma ba ya gyara kuskuren saukarsa.

Ilimin da ya bayyana yadda ake samar da ƙarfi, shi ne kuma ya nuna ɓarnar da ƙarfin ke yi, kuma wannan ne ɓangaren da bai kamata a yi wasa da shi ba. Dukan da ya sami muƙamuƙi yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai. Abin da ke sa ƙato ya zube ke nan, ko da babu jini ko kaɗan. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana buƙatar hutu, kuma duka na biyu kafin ta warke ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. A damben zamani na masu sha'awa, wanda aka sumar ba ya sake hawa dandamali sai bayan aƙalla kwana 30. A gidajen dambe kuwa, ba abin mamaki ba ne a yayyafa wa yaro ruwa, ya miƙe yana layi, bayan kwana kaɗan a sake ganinsa ya naɗa hannu, saboda da wannan wasan yake ci da kansa kuma ba ya son a ce ya ji tsoro.

Dambe ya tashi daga wasan mahauta na lokacin kaka ya zama sana'ar da ake kallo a wayoyi har ƙasashen waje, kuɗi kuma sun fara shigowa. Masu gidajen dambe da iyayen gidan 'yan wasa su ne ke da ikon sa doka. Su sa yaro ya koyi tsayuwa da taku da faɗuwa kafin a naɗa masa zare, su ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fili, kuma duk wanda aka sumar a hana shi wasa har wata guda, ko da shi ne ke cika musu gida da 'yan kallo.