Faifan da Ya Ƙi Tsufa: Abin da Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Queen Suka Nuna da Abin da Suka Ɓoye

Duk wanda ke bin wasan ƙwallon ƙafa na Turai ya taɓa jin muryar Freddie Mercury, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Da zarar an miƙa wa kyaftin kofi, takardu masu ƙyalli suka fara zubowa daga sama, akan saki waƙar We Are the Champions a lasifikan filin wasa, dubban mutane su ɗauka baki ɗaya. Masu kallo a gidajen kallon ƙwallo na Kano da Zariya da Maraɗi sun san karinta sarai, kamar yadda suka san bugun ƙafa biyu da tafi ɗaya na 'yar uwarta We Will Rock You. Waɗannan waƙoƙi biyu su ne suka rufe wani faifai da ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai suna Queen ta fitar a ranar 26 ga Oktoba, 1981, da sunan Greatest Hits, wato zaɓaɓɓun waƙoƙinta da suka fi tashe.

A tarihin cinikin waƙa a Birtaniya babu faifan da ya kama ƙafar wannan. A 2014 ya zama na farko da aka sayar da kwafi miliyan 6 a ƙasar, a watan Yulin 2022 kuma ya haye miliyan 7. Ya shafe makonni fiye da 1,000 a jerin fayafayan da aka fi saye. Mai bi masa shi ne tarin zaɓaɓɓun waƙoƙin ABBA, 'yan ƙasar Suwidin, sannan shahararren faifan Beatles na 1967. Ƙasar da ta haifi Beatles da Rolling Stones da Led Zeppelin ta ɗora a kan gaba faifan da babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa, tsofaffi ne aka tsinto aka jera. Dalilin haka nake son mu duba, domin a ganina akwai darasi a ciki game da yadda jama'a ke tuna mawaƙi, da abin da suke zubarwa a hanya.

Dalili na farko shi ne aikin tankaɗe da rairaya. Kafin 1981 Queen ta fitar da manyan fayafayai 9, kuma a cikinsu akwai tsaba akwai ƙaiƙayi, kamar na kowane mawaƙi. Sai aka tsamo waƙoƙi 17 da suka fito tsakanin 1974 da 1980, aka haɗa su cikin abin da bai kai sa'a guda ba. A zamanin faifan garmaho da kaset wannan ciniki ne mai riba ga mai ƙaramin ƙarfi: kuɗin faifai ɗaya ya sayo masa abin da ya fi so daga aikin shekara bakwai. Ba sai ya ɗaga allura ya tsallake wata waƙa ba, ba sai ya yi ta tariyar kaset ba. Irin faifan nan ne ake ba wa suruki kyauta a lokacin Kirsimeti, ake ajiye shi a mota, ya zauna a gidan da ba a damu da kiɗan rok ba sam.

Sai dai kowace ƙungiya tana da irin wannan faifai, kuma ba duka suka yi wannan tasiri ba. Abin da ya bambanta na Queen shi ne mutanen da suka yi shi. Su huɗu ne, kuma kowannensu marubucin waƙa ne. Brian May, mai kaɗa jita, ɗalibin ilimin taurari ne da ya ajiye karatun digirinsa na uku saboda kiɗa, bai koma ya kammala shi a Imperial College ba sai a 2007. Jitar da yake kaɗawa shi da mahaifinsa suka sassaƙa ta a gida da tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki, kuma da tsohon kwabon sisi yake bugun tsirkiyarta. Roger Taylor, mai ganga, ya fara karatun likitan haƙori kafin ya koma ilimin halittu. John Deacon, mai jita mai kaurin amo, injiniyan lantarki ne. Shi kuwa Mercury zane-zane ya karanta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar wannan faifai hannuwa uku ne suka ɗaga ta wajen rubutu, na huɗun yana riƙe da ganga. Mercury ya rubuta waƙoƙi 10 daga cikin 17, May ya rubuta 5, Deacon 2. Waƙar Taylor da ta fi shahara, Radio Ga Ga, ba ta fito ba sai 1984, don haka faifai na biyu ta shiga. Wannan bambancin alƙalami ya sa mai sauraro ba ya gajiya. Somebody to Love ta ari salon waƙar majami'un baƙaƙen fatar Amurka, inda muryoyi ke hawa kan juna. Crazy Little Thing Called Love gaisuwa ce ga salon Elvis Presley, Mercury ya tsara ta a birnin Munich na Jamus, ta kuma zama ta farko da ta kai Queen matsayi na ɗaya a Amurka a 1980. Another One Bites the Dust ta Deacon ta fito daga sha'awarsa ga kiɗan disko na ƙungiyar Chic, Michael Jackson yana cikin waɗanda suka ba su shawarar su fitar da ita ita kaɗai, ta kuma mamaye gidajen rediyon da baƙaƙen fata ke saurare. Mutum zai rantse ƙungiyoyi biyar yake ji, ba don muryar da ke ɗaure su wuri guda ba.

Waƙar da ta buɗe faifan, Bohemian Rhapsody ta 1975, ta karya kusan duk ƙa'idar da 'yan kasuwar waƙa suka sani. Tsawonta ya kusa minti 6 a lokacin da gidajen rediyo ke son abin da bai wuce 3 ba. Ba ta da amshin da ake maimaitawa. Tana farawa da muryoyi zalla, ta koma fiyano mai sanyi, ta faɗa salon waƙar dandamalin Italiya, ta ɓarke da kiɗa mai ƙarfi, sannan ta kwanta. Taron muryoyin da ake ji a tsakiyarta mutum uku ne kacal, Mercury da May da Taylor, suka yi ta ɗora murya kan murya na tsawon makonni. Kamfanin EMI ya yi shakkar za ta karɓu, har sai da wani mai gabatar da shiri, Kenny Everett, ya yi ta saka ta a gidan rediyon Capital na Landan cikin hutun ƙarshen mako guda, mutane suka fara neman ta a shaguna. Ta yi makonni 9 a matsayi na ɗaya.

Dalili na uku, wanda nake ganin ya fi sauran nauyi, shi ne yadda Queen ta mayar da 'yan kallo 'yan amshi. Kunnen Bahaushe ya san wannan tsari tun daga dandali: zabiya ta ba da waƙa, 'yan mata su karɓa da tafi. A wurin mawaƙan rok na wancan zamani kuwa, aikin mai kallo shi ne ya saurara ya yi ihu. May ya sha ba da labarin wani wasa da suka yi a Bingley Hall da ke Stafford a 1977, inda bayan sun sauka daga dandamali jama'a suka ɗauki taken magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Liverpool suna rera musu. Ya koma yana tunanin me mutum zai iya yi a cikin cunkoson da ko juyawa ba ya iyawa. Zai iya buga ƙafa, zai iya tafi, zai iya rera jimla gajeriya. Daga nan We Will Rock You ta samo asali, kuma babu ganga a cikinta, ƙafafu ne da tafukan hannu, sai jita a can ƙarshe. Waƙar da aka gina a kan jikin mai sauraro ba ta bukatar fassara, shi ya sa ta tsallaka harsuna da ƙasashe.

Ba kowa ne wannan ƙarfi ya burge ba. Masu sharhin waƙa na Birtaniya da Amurka sun daɗe suna yi wa Queen kallon masu fankama da son burga. A 1979 wani marubucin mujallar Rolling Stone ya danganta salonsu da na 'yan mulkin kama-karya, saboda yadda suke juya taron jama'a kamar sojoji a fareti. Ina ganin ya wuce gona da iri, amma akwai ƙamshin gaskiya a damuwarsa. Waƙar da ke cewa mu ne zakaru ba ta tambayar su wane ne mu ɗin. Mai gaskiya zai iya rera ta, azzalumi ma zai iya, kuma 'yan siyasa sun sha ara ta a tarukansu har ƙungiyar ta fito ta nuna rashin amincewa, kamar yadda ta yi wa Donald Trump a 2016.

Nan ne na zo ga abin da faifan zaɓaɓɓun waƙoƙi ke ɓoyewa. Irin wannan faifai kamar kirari yake, ranakun nasara yake lissafawa. Mai sauraronsa ba zai ji cewa mutumin da Turawan Ingila suka mayar abin alfaharinsu a Afirka aka haife shi ba. An haifi Farrokh Bulsara a Zanzibar a ranar 5 ga Satumba, 1946, iyayensa 'yan ƙabilar Farsi ne na Indiya, mabiya addinin Zartusht. Ya yi makarantar kwana a Indiya, juyin juya halin Zanzibar na 1964 kuma ya sa iyalinsa gudu zuwa Ingila. Ya sauya suna, ya kulle ƙofar asalinsa, da wuya ya yi maganarsa a bainar jama'a. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma wannan tsuntsu ya koyi kukan gidan da ya sauka har ya fi masu gidan iyawa.

Haka nan mai sauraro ba zai ji labarin Sun City ba. A watan Oktoban 1984, shekara uku bayan fitowar faifan, Queen ta je ta yi wasanni a wannan wurin shaƙatawa da ke yankin Bophuthatswana na Afirka ta Kudu, a daidai lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata, Nelson Mandela kuma yana kurkuku. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, sunansu ya shiga jerin waɗanda suka karya takunkumin. Sun kare kansu da cewa ba ruwansu da siyasa, kuma 'yan kallonsu a can sun haɗa farare da baƙaƙe, amma shekaru da yawa bayan haka Taylor ya amince kuskure ne. Wata tara kacal bayan Sun City, a ranar 13 ga Yuli, 1985, suka hau dandamalin Wembley a taron Live Aid na tara wa masu fama da yunwa a Habasha gudummawa. Cikin kusan minti 20 suka rera waƙoƙi shida, huɗu daga cikinsu daga wannan faifai, mutane 72,000 suna amsawa. Duniya ta riƙe Wembley ta saki Sun City. Ga ɗan Afirka, bai kamata a karanta ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Zaɓen ma bai taɓa tsayawa a siffa ɗaya ba. Tun a 1981 jerin waƙoƙin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, gwargwadon abin da ya yi kasuwa a kowace. Na Amurka ya ƙunshi Under Pressure, wadda suka yi da David Bowie, alhali na Birtaniya ba ya ɗauke da ita. A 2023, da aka saka faifan a na'urar sauraro ta yara mai suna Yoto, an cire waƙa ɗaya saboda kalamanta a kan jikin mata ba su dace da ƙananan yara ba. Wasu jaridun Birtaniya sun yi ta kumfar baki, amma ni ban ga laifin iyayen da suka tace abin da zai shiga kunnen 'ya'yansu ba. Abin lura shi ne kowane zamani yana sake zaɓen nasa, kuma mai riƙe da faifai-faifan shi ke yanke hukunci. A 2024 rahotanni sun bayyana cewa kamfanin Sony ya sayi haƙƙin waƙoƙin Queen a kan kuɗin da ya kai kusan fam biliyan 1.

Mutuwa ma ta taka rawarta. Mercury ya sanar da duniya cewa yana ɗauke da cutar ƙanjamau a ranar 23 ga Nuwamba, 1991, washegari ya rasu yana da shekara 45. Bohemian Rhapsody ta sake komawa matsayi na ɗaya a Birtaniya, aka ba da kuɗin cinikinta ga masu yaƙi da cutar. A 2018 fim ɗin tarihinsa ya jawo sabon rukunin matasa da ba a haife su ba lokacin da ya bar duniya, Rami Malek, ɗan asalin Masar da ya fito a matsayinsa, ya lashe kyautar Oscar. A kowane irin wannan juyi, faifan 1981 ne ke tsaye a bakin ƙofa yana tarbar baƙi.

Hukuncina shi ne faifan ya cancanci matsayinsa. Waƙoƙin an gina su da ƙwarewa, an jera su da hikima, kuma sun jure gwajin shekara fiye da 40, abin da talla kaɗai ba ta iya saya wa kowa. Amma zaure ne, kuma wanda ya tsaya a zaure bai san gida ba. Mai son sanin Queen ya nemi faifansu na biyu na 1974, mai duhu da sarƙaƙiya, ya saurari A Night at the Opera daga farko har ƙarshe, ya kuma ji Innuendo na 1991, wanda Mercury ya rera jikinsa na ƙarewa muryarsa tana nan daram. Ya karanta labarin Zanzibar, ya karanta na Sun City. Bayan haka, idan ya koma ga waƙoƙin nan 17, zai ji su da kunnen wanda ya san mutanen da suka yi su, da baiwarsu da tuntuɓensu, kuma daɗinsu ba zai ragu ba.